Abin da Muka Koyo a Wurin Auren Kotu



Mu biyu ne 'yan Dandin Mahe, ta ƙasar Shagari, aka nema mu tsaya shaidu a wani aure cikin birnin Sakkwato a hutun da ya wuce, kuma abin da muka gani ne muke so mu shimfiɗa a gabanku yau. Angon malaminmu ne tun muna sakandare. Hidimar ƙasa ce ta kawo shi daga Kudu, ya ga wuri ya zauna, har malanta ta koma abota. Amaryar kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Dukansu Kirista ne, iyayensu suna nesa, saboda haka suka zaɓi abin da jama'a ke kira auren kotu, watau auren da ake ƙullawa a gaban magatakardan aure bisa dokar gwamnati.

Mun tashi da sassafe, muka biyo ta Boɗinga, muka iso birni da hantsi, ko wannenmu ya sha babbar riga, don a garinmu ba a zuwa ɗaurin aure da shigar kasuwa. Muna tsammanin taro, sai muka tarad da ɗaki guda da teburi da kujeru, ƙofa a buɗe. Babu tabarma, babu goro, babu maroƙi. Magatakarda ya tambayi ango da amarya ko sun zo ne don su zama miji da mata, suka amsa. Sa'an nan ya gargaɗe su cewa wannan aure ba ya warwarewa sai da mutuwa ko hukuncin kotu, kuma wanda ya ƙara aure a kansa ya yi laifi. Suka karɓi juna da bakinsu, aka miƙo takarda. Kafin shayin da muka bari a bakin titi ya huce an gama.

Da alƙalami ya zo hannunmu, sai jikinmu ya yi sanyi. Mun halarci ɗaurin aure ba iyaka, amma kullum cikin taro muke ɓuya, mu shafa fatiha, mu karɓi goro, mu watse. Ran nan kuwa babu inda za mu ɓuya. Sunanmu ne zai zauna a takarda biyu, ɗaya a hannun ma'aurata, ɗaya a ajiyar ofis, ko bayan ranmu.

Wannan ya sa muka koma muka karanta dokar. Asalinta tun 1914 ne, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Mai son irin wannan aure zai fara ba da sanarwa a ofishin magatakarda, a kafe ta kwana 21, domin mai ƙorafi ya fito. In wata uku ya wuce ba a yi auren ba, sanarwar ta faɗi. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar mahaifi a rubuce. A ofis ana ɗaura shi ne tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu. Auren mace ɗaya ne tak: wanda ya yi shi, sa'an nan ya je ya auri wata bisa al'ada alhali na farin yana nan, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 ne. Rabuwa kuma, bisa dokar 1970 ta shari'o'in aure, sai a Babbar Kotu.

A nan muke jan kunnen 'yan'uwanmu Musulmi, musamman sababbin ma'aikata. Akan sami wanda an riga an ɗaura masa aure a ƙofar gida, amma don neman biza ko wata buƙata ta ofis sai ya ja matarsa su je su sa hannu a auren kotu, yana zaton rasit ne kawai ya karɓo. Alhali kuwa ya shiga wata doka dabam, wadda ba ta san saki da baki ba, ba ta kuma san mace ta biyu ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A karanta kafin a sa hannu.

To, kada a ce mun zo tallan auren kotu ne. Aurenmu na Musulunci cikakke ne, dokar Nijeriya ma ta yarda da shi. Yana da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adilai, ga kuma albarkar taro wadda muka ji rashinta ƙwarai a ɗakin nan. Da muka koma gida muka ba dattawa labari, wani cikinsu ya riƙe baki ya ce, "Aure ba goro? Wa ya shafa fatiha?" Muka yi dariya, amma mun gane abin da yake nufi.

Sai dai akwai abu guda da ya tsaya mana a rai. Muna da wata gwaggo wadda mijinta ma'aikaci ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Da aka je neman haƙƙinsa, sai ofis ya ce a kawo shaidar aure. Ran ɗaurin aurenta gari duka ya hallara, amma limamin da ya ɗaura ya rasu, wakilai sun rasu, saura kuwa kowa ya tuna an yi, ba wanda ya tuna nawa ne sadakin, ko an biya duka ko da saura. Ta yi wata da watanni tana zirga-zirga tsakanin gari da birni, tana cin bashin kuɗin mota, kafin a daidaita. Mutum ɗari sun ga aurenta, amma ran da ta nemi biyu da ƙyar aka samu.

Mu fa jikokin masu alƙalami ne. A Sifawa, nan kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Sadakin da aka ce ajalan, ashe ba bashi ba ne? Me zai hana a rubuta shi?

Saboda haka shawararmu gajeriya ce. Duk ɗalibin da ya je ɗaurin aure a garinsu, ya nemi izinin liman da waliyyai, cikin ladabi, a rubuta sunan ango da amarya, da waliyyi, da shaidu, da adadin sadaki, lakadan ko ajalan, da kwanan wata, da boko ko da ajami. A ba amarya kwafi, a ajiye ɗaya a masallaci. Inda ake ba da takardar shaidar aure kuwa, a je a karɓa tun shaidu suna da rai. Mu mun fara da auren ƙanwarmu, kuma liman da kansa ya karɓi alƙalami.

Allah ya ba abokanmu zaman lafiya, ya sa mu zama shaidun da za a nema a samu.