Kaka Ta Yi: Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Godiya A Aikace

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran girbi, ga wake da gyaɗa sun iso gida. Abin da muke so mu tunatar da kanmu a wannan zama shi ne 'ya'yanmu. Da yawa daga cikinsu sun taso suna ganin tuwo a akushi safe da dare, amma ba su san ta inda ya biyo ba, shi ya sa suke raina abinci, su zubar da saura, su ƙi ɗumame. Kada mu ɗora musu laifi, domin mun koya musu faɗin alhamdu lillahi da baki, amma ba mu nuna musu abin da ake gode wa a kansa ba. A aya ta 7 ta Suratu Ibrahim Allah ya yi wa masu godiya alkawarin ƙari, ya yi wa masu butulci gargaɗin azaba. Ke nan gidan da ya tarbiyyantar da ɗa mai butulci ya jefa shi cikin haɗari.

Abu na farko, mu tafi da yara gona ranar girbi, su ɗaura dami, su yi roron wake, su gasa tumu. Mu nuna wa yaro zangarniya guda, mu tuna masa cewa ƙwaya ɗaya aka binne, kuma babu wanda ya saukar da ruwa a cikinmu. Mazauna birni su kai yaransu kasuwar hatsi, irin ta Dawanau a Kano, su ga buhunan da guminsu na manoman ƙauye ne.

Na biyu, mu fitar da zakka a gaban idonsu. Idan hatsi ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, daidai da sa'i 300, ana fitar da kashi 1 cikin 10 in ruwan sama ya shayar da shi, ko kashi 1 cikin 20 in da wahalar ban ruwa aka noma shi. Mu sa yaro ya yi awo, ya ware na goman da hannunsa, sa'an nan ya raka mu gidan miskini da mu'amala ta mutunci, ba tare da gori ba.

Na uku, a lokacin cin abincin dare mu sa yara su lissafo hannuwan da tuwon ya ratsa: wanda ya yi huɗa, da mai noma, da mai sussuka da sheƙa, da mai surfe, da mai niƙa, har zuwa uwar da ta tuƙa shi a cikin hayaƙi. Maigida ya fara yi wa matarsa sannu da aiki yara suna ji. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane.

Na huɗu, mu bar dattawan gida su ba yara labarin farin 1973 da na 1984, lokacin da rumbuna suka bushe, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu neman abin sawa a baka. Bayan haka mu karanta musu ƙissar masu gonar nan ta cikin Suratul Ƙalam, waɗanda suka ƙulla yin girbi da sassafe don kada miskinai su gan su, suka wayi gari gonar ta halaka.

Amma fa, 'yan'uwa, yaro yana kallon abin da ubansa ke yi. Wanda ya karyar da amfanin gonarsa da arha a kaka don bikin almubazzaranci, ya koma cin bashin hatsi da damina, duk wa'azin da zai yi wa ɗansa a kan godiya ba zai shiga ba. Mu fara gyara kanmu.

Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya shirya mana zuri'armu, ya sanya mu cikin bayinsa masu godiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.