Ribar Digirin Aikin Jarida

Iyaye sukan tambaye mu, wai wace riba ke cikin digirin aikin jarida? To, ga amsa. Wanda ya sami wannan digiri, ya gama hidimar ƙasa, in Gwamnatin Tarayya ta ɗauke shi aiki, yakan fara daga mataki na 8 na albashi. Tun 1992, da aka ba 'yan kasuwa izinin kafa gidajen rediyo da talabijin, guraben aiki suka ƙaru, amma masu nema sun fi guraben yawa. Saboda haka takardar shaida kaɗai ba ta ciyar da gida. Wanda ya ƙware a Hausa da Turanci, ya iya fassara da tsara labari, shi ake rububi. Sai ku ƙarfafa wa 'ya'yanku gwiwa su koyi waɗannan tun suna jami'a.