A Bar Takarda Ta Sha Iska

Yau maganar takardun kasuwanci za mu yi, irin na neman kwangila ko na farashin kaya, waɗanda ake bugawa a shagunan kwamfuta.

Babbar cutarsu son ado ce. Sai ka ga takarda guda da salon haruffa biyar, kan magana ja, sunan kamfani kore, komai da manyan baƙaƙe. Mai bugawa a ganinsa gwaninta ya nuna, amma manajan da tulin takardu ke gabansa gefe zai ture ta. Salo biyu sun wadatar: ɗaya na kan magana, ɗaya na sauran rubutu. Times New Roman, wanda jaridar The Times ta Landan ta fara amfani da shi a 1932, har yau bai gaza ba, kuma girman 12 ya isa. Manyan baƙaƙe zalla kuwa gajiyar da ido suke yi.

Farin da ke gefen takarda ba asara ba ne. A kan A4 a bar kamar santimita 2.5 ta kowane ɓangare, ko don wurin huda fayil. Alƙaluman kuɗi a jera su ta dama, dubu ƙarƙashin dubu.

In da Hausa ce, a duba ɓ, ɗ da ƙ, domin wani salon ba shi da su, sai ɗan akwati ya fito a gurbinsu. Kafin a tura ta WhatsApp kuma, a mayar da ita PDF, kada tsarin ya wargaje a wayar mai karɓa.