Jawabin Girmama Farfesa Iya Abubakar



Wanda duk ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ya san Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar. To, wane ne mai sunan? Mutumin Belel ne ta ƙasar Adamawa, haihuwar 1934. Ya karanci lissafi a Ibadan, ya yi digirin dakta a Kambirij ta Ingila, sa'an nan ya komo Zariya ya riƙe sashen lissafi, inda koyar da ilmin kwamfuta ya tsiro. Daga 1975 zuwa 1978 shi ne shugaban jami'ar. Daga baya ya yi minista, ya yi sanata, amma a ganina aikin aji ya fi, domin har yau yawancinmu gudun lissafi muke yi tun daga sakandare.