Jawabi Kan Gwajin Ƙwaƙwalwa Ga Yaran Da Ke Ji Amma Ba Su Fahimta

Jama'a, akwai yaran da kunnuwansu lafiya lau, amma idan ana magana cikin hayaniya, kamar a aji ko a kasuwa, sai maganar ta cuɗe musu. Sau da yawa akan ɗauka taurin kai ne ko daƙiƙanci, har a kai ga duka. Alhali kuwa aikin kunne shi ne karɓar sauti, ƙwaƙwalwa ce ke tantance shi ta ba shi ma'ana. Idan wannan tantancewa ta sami tangarɗa, yaro zai ji murya, amma kalmomin su kuɓuce masa.

A da, hanyar gano wannan larura ita ce a sa wa yaro kalmomi a kunne, a ce ya maimaita. Wannan hanya tana da cikas iri biyu. Na farko, ba a cika dogara da ita ba sai yaro ya kai shekara 7. Na biyu, yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje da Turanci aka tsara su, saboda haka yaron da ya tashi da Hausa yana iya faɗuwa don rashin jin harshen kawai.

A 1971 wasu masana biyu a Amurka, Jewett da Williston, suka bayyana yadda za a auna amsar da jijiyar ji da gindin ƙwaƙwalwa ke bayarwa. Akan manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, a sa wani ɗan sauti, na'ura ta zana amsar. Amsar takan fito cikin kashi 1 bisa 100 na sakan. Babu allura, babu zafi, kuma ko yaro yana barci ana iya yi. A 1978 kuma Risto Näätänen, mutumin ƙasar Finland, da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwaƙwalwa takan ba da wata alama ta dabam idan sauti ya canja, ko da hankalin mutum yana wani wuri.

Amfanin wannan hanya shi ne, yaro ba sai ya ce kome ba, kuma harshensa ko jin kunyarsa ba su hana aikin. Duk da haka likitoci ba su yanke hukunci da ita kaɗai. Sukan haɗa da gwajin kunne da bayanin iyaye da na malamai.

Saboda haka duk iyayen da suka ga ɗansu yana yawan cewa a maimaita masa, su kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Malamai kuma su zaunar da shi a gaban aji, su fuskance shi, su yi magana a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.