Jawabin Sakataren Reshe Kan Karatun Yaro a Gida

Ardo-ardo, alhazai, dillalai da 'yan'uwa makiyaya, Allah Ya ba ku haƙurin zama. Shugaba ya ce in faɗi yadda na yi da yarona, to ga shi.

Kun san tun ƙarshen 2016 makarantu suka rufe a jihar Arewa maso Yamma. Mu muka ƙara shekara biyu muna jira, sai a 2018 na sayar da abin da ya rage na shanu, na kwaso iyali daga wajen Bamenda zuwa nan Birikitiri. Yaron yana da shekara tara, ya manta har baƙin da ya sani. Na kai shi wata makaranta, aka ce in kawo takardar haihuwa. A ruga aka haife shi, wa ya rubuta? Aka ce sai an bi ta kotu.

Yayana ya ce in tura shi Adamawa ya bi shanun kawunsa. Ban ƙi kiwo ba, a ciki na tashi, amma na ce a ba ni shekara guda.

Ni aji bakwai kawai na gama. Da asuba ya tafi makarantar allo, ni in wuce mayankar Etudi. Bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma. Littafinmu na farko shi ne littafin da nake rubuta cinikin shanu. Nan na gane wani abu: mu da dala muke ƙirga, makaranta kuwa da sefa. In na ce dala ashirin, shi sai ya rubuta 100. Da haka ya iya sau biyar tun bai san sunansa ba. Daga baya kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundare, da la'ada, da ladan masu kora, duk shi ke tarawa. Rannan ya kama ni na yi kuskuren sefa 2,000, uwarsa ta yi kwana uku tana mini dariya.

Inda na gaza shi ne Faransanci. Turancin Ingilishi na yi, ga shi gari duk Faransanci ake ji. Wani tela maƙwabcinmu ya riƙa zama da shi bayan magariba, Allah Ya saka masa. Kuma ina da zafin hannu, wata rana na mare shi kan baƙi ɗaya, ya yi mako bai buɗe baki a tabarma ba. Ban sake ba.

Takardar ta fito bayan wata goma sha ɗaya, aka gwada shi, aka sa shi aji huɗu. A Maris 2020 korona ta rufe makarantu, muka koma tabarmarmu.

Duk mai yaron da ba shi da takardar haihuwa, ya same ni bayan addu'a in rubuta sunansa, domin ba a zama jarrabawar gama firamare sai da ita. Wassalam.