Man Shanun Damina da na Rani

 

Zan fara da abin da duk macen da ta saba sayen man shanu a nan Gagarawa, ko a kasuwar Alhamis ta Maigatari, ta riga ta sani. Man shanun watan Agusta rawaya ne, yana da laushi da ƙanshi. Na tsakiyar rani ya koɗe, ya yi fari, kuma ko an ajiye su wuri ɗaya za a ga ya fi na damina tauri. Saniya ɗaya ce, mai tatsa ɗaya, ƙwarya ɗaya. Abin da ya canza shi ne abin da saniyar ta ci. A kan wannan nake so mu zauna yau, domin bambancin ya wuce launi, ya kai har ga jinin yaron da ake dama wa fura da wannan nono.

Duk maiƙon da muke ci, man gyaɗa ne ko kitsen rago, an gina shi ne da wasu sinadarai masu kama da sarƙa, waɗanda masana ke kira asid ɗin kitse. A maiƙon nono kaɗai an ƙirga kusan iri 400. Wasu miƙaƙƙu ne kamar karan dawa, suna jeruwa su matse juna kamar an ɗaure dami, shi ya sa kakide ke daskarewa. Wasu kuma suna da lanƙwasa, ba sa matsuwa, sai mai ya zauna ruwa-ruwa kamar man riɗi. Jikinmu yana iya ƙera mafi yawansu daga tuwon da muka ci, in ban da iri biyu daga cikin lanƙwasassun. A 1929 wasu mata da miji, George Burr da Mildred Burr, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, suka ciyar da ɓeraye abincin da aka cire wa maiƙo gaba ɗaya. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe tana saɓa, sai da aka mayar musu da ɗan maiƙo suka farfaɗo. Daga nan aka gane akwai maiƙon da dole sai an ci shi. Su ne yau ake kira dangin omega-6 da dangin omega-3.

Omega-6 ba ya ba mu wahala a wannan yanki. Riɗin da ƙasar Gumel ta yi suna da shi, wanda ake lodi daga Maigatari zuwa ƙasashen waje, kusan kashi 40 cikin 100 na mansa omega-6 ne, gyaɗa ma tana da shi da yawa. Amma omega-3 a man riɗi bai kai kashi 1 ba, a man gyaɗa kuwa kusan babu. Omega-3 kuma da shi ake gina ƙwaƙwalwa da idon jariri, tun yana ciki har ya kai yaye. Inda ya fi yawa shi ne kifin teku mai maiƙo, mu kuwa teku ya yi mana nisa, ko kifin fadamar Haɗeja ba kullum yake shiga tukunyar talaka ba. Saura ɗanyen ganye, da dabbar da ta ci ɗanyen ganye.

Ɗanyar ciyawa ba ta da maiƙo da yawa, amma ɗan abin da ke cikinta, rabi ko fiye omega-3 ne. Daga Yuni zuwa Satumba saniya tana wuni cikin kyasuwa da burburwa da ƙarangiya tun ba ta yi ƙaya ba, tana cusa wa tumbinta kilo da yawa a rana. A cikin tumbin akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke miƙar da mafi yawan lanƙwasassun nan su mayar da su masu daskarewa. Duk da haka wani kaso yana tsallakewa, ya bi jini ya sauka a hantsa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna abu ɗaya: nonon saniyar da ke kiwon ɗanya ya fi na wadda ke cin busasshen abinci da hatsi omega-3, kuma maiƙo mai daskarewa ya fi ƙaranci a cikinsa. Launin rawaya kuwa na wani sinadari ne daban, karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, amma daga ganye ɗaya suka fito, tare suke zuwa, tare suke tafiya. Don haka idon mai saye bai yi ƙarya ba.

Sai kaka ta wuce. Ciyawa ta bushe a tsaye, rana da iskar hunturu suna dukanta wata da watanni. Lanƙwasasshen maiƙo ba ya jure rana da iska, lalacewa yake yi, karotin ma haka. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko saniya tana tauna kara da yayi, ƙashin haƙarƙarinta a waje, tana narkar da kitsen jikinta don ta shayar da maraƙi. Nono ya ragu, abin da ya rage kuma ba shi da albarkar na damina. Abin da ke sosa mini rai shi ne lokacin ya zo daidai da lokacin da miyar gida ma ta rasa ɗanyen ganye. Uwa mai shayarwa, irin maiƙon da ta ci shi ke fita a nononta. Rashin sai ya haɗu mata ta fuska biyu, ya sauka kan jaririn da ke goye.

A kaza da zabo lamarin ya fi fitowa fili, saboda ba su da tumbi irin na saniya. Abin da suka tsattsaga kusan shi ke shiga gwaiduwa. Ƙwan zabon damina, wanda ya ci fara da gara da tohon ganye, dubi yadda gwaiduwarsa take ja. Ragon da aka turke wata uku ana ba shi dusa da angurya don Layya zai yi kitse ya cika ido, amma kitsen ya karkata ga omega-6. Tarwaɗar da aka yi kiwo a tafki ma tana ɗauke da hoton abincin da aka watsa mata.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa na hana man shanu. A 2001 Robert Glew na Jami'ar New Mexico da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya na ƙasar Jos. Sun tarar suna cin maiƙo mai daskarewa da yawa, amma kitsen jininsu bai nuna haɗarin ciwon zuciya ba, kuma sun danganta hakan da yawan tafiya da rashin cin abin da ya wuce buƙatar jiki. Mai bin shanu daga safe zuwa magariba ba ɗaya yake da mai wuni a kujerar ofis ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada maiƙo mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci, kuma mu 'yan kujera wannan ta fi shafa. Haka nan omega-3 ɗin nonon damina, duk da ya fi na rani, kaɗan ne idan aka gwada da na kifi. Amma ga gidan da nono ne maiƙonsu na yau da gobe, wannan kaɗan ɗin yana da nauyi.

Damina ba a hannunmu take ba, amma muna iya ɗauko wani abu daga cikinta mu kai rani. Iyayenmu mata sun san kukar da aka shanya a inuwa tana zama kore shar, wadda rana ta buga kuwa ja take yi, miyarta ba armashi. Ilimin nan shi nake roƙon maza su ɗauka su kai kan harawa. Muna tuge harawar wake da ta gyaɗa, mu ɗora a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, rana ta yi ta ƙona ta har ganyen ya kakkaɓe, sai kara ya rage. A yanke ta tana da sauran kore, a bar ta ta sha iska kwana kaɗan, a ɗaure a shigar da ita rumfa. Ciyawa ma a yanka tun a Satumba kafin ta tsufa. Ba a sayen komai don wannan, rumfar kara ce kawai da kulawa.

Sai gawo. Bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa gero rana, sannan ta yi toho da rani lokacin da babu kore ko'ina. Ganyenta da 'ya'yanta su ne ɗanyen abincin dabba a watannin wahala. Duk gawon da aka sare don gawayi a gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, an rage wani abu daga ƙwaryar nonon Afrilu. Haka burtali da makiyayar da noma ke cinyewa kaɗan-kaɗan. Iyayenmu hakimai, wannan yana gabanku. A gida kuma, zogale yana rayuwa da ruwan wanke-wanke a bayan ɗaki, waken suya yana da omega-3 kusan kashi 7 cikin 100 na mansa, ga awara ta riga ta shiga kowace unguwa. Masu suyarta dai su rage maimaita mai ɗaya har ya yi baƙi, don wuta tana yi wa lanƙwasasshen maiƙo abin da rana ke yi wa harawa.

Ga ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Tarayya ta Dutse, ina ba ku aiki. Ku zaɓi ruga ɗaya a nan, ku ɗibi man shanunta a Agusta, ku koma ku ɗiba a Afrilu, ku rubuta abin da shanun suka ci a kowane lokaci, ku nemi haɗin kan cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya a auna muku. Ku raba garken biyu, rabi a ba su harawar inuwa, rabi ta rana. Sakamakon ku kawo shi wannan zaure da Hausa da Fulatanci, a karanta a gaban matan da suka kaɗa nonon.